Ladan da Shafin da Ke Cewa Mota Ta Cika

Ladan ɗan Danwarai ne amma in ka tambayi kowa a Jega ce maka zai yi ɗan tasha ne, don tun shina da shekara goma sha biyu ya baro gida ya faɗo tashar Jega, shekarar da anka ba Kebbi jiha kenan, motoci sunka yawaita hanyar Birnin Kebbi kowa na zuwa neman aiki. Da farko ɗaurin kaya yake yi saman mota, daga baya ya zama ɗan kamasho, shi ke kiran fasinja shi ke duba kujera, kuma abu guda anka san shi da shi, bai taɓa ce ma mutum akwai wuri ba sai ya gani da idonsa. In ka zo ka ce Ladan akwai wuri motar Sakkwato, in dai bai tabbata ba to ce maka zai yi ta cika. Wai gara mutum ya juya gida shina zaginka da ka zaunar da shi rana sannan ka ce ya yi haƙuri. Wannan halin nasa shi ya ja mai duk abin da ya biyo baya.

Kwamfuta kuwa karaya ta kai shi gare ta. Ya faɗo daga kabu-kabu hanyar Aliero ƙafar dama ta karye biyu, masu ɗori sunka ɗaure ta, wata uku bai iya tsayuwar tasha ba, kuma tun ranar bai sake hawan babur ba ko na minti guda. To kusa da ɗakinsa akwai wani ɗan bautar ƙasa da ya buɗe kafe da kwamfuta uku, sai Ladan ya riƙa jan ƙafa shina zama bencin ƙofa don kar kaɗaici ya kashe shi, yau ya tambayi wannan gobe ya taɓa wancan, har ɗan bautar ƙasar ya gama ya koma garinsu ya bar ma Ladan shagon, da wani littafi mai kauri wanda bangonsa ya yage. Ladan da aji huɗu ya tsaya a firamare, shi ne ya zauna da littafin nan shekara uku shina haɗa baƙi da ƙamus a gefe, har ya kai shina rubuta shafin intanet da kansa, da kod ɗin da ke motsa shi da komai.

A shekarar dubu biyu da tara sai rikici ya tashi ƙungiyar masu albasa. Da can in babbar mota za ta yi kudu waya ake bugawa a ce a aje mani wurin buhu talatin, wanda ya san direba ya cinye wuri, wanda bai san kowa ba albasarsa ta yini bakin hanya. Anka yi ta faɗa har shugaban ƙungiyar, Alhaji Abdulƙadir, ya gaji ya sa anka kira Ladan. Ya ce an ce kana sa kwamfuta ta yi abin da kake so, to ka yi muna abin da na Jega da na Aliero da na Maiyama za su ga lamba guda. Daga yau ba waya ba ɗan'uwa. Kowa ya je shagon yankinsu da ƙafarsa, mai shago ya shaida kayansa na nan, wanda ya riga shiga shi ke da wuri, kuma ana rufewa Alhamis da la'asar don mota ta tashi Asabar. Anka bar rajistar Jega shagon Ladan, ta Aliero shagon hoto-kwafin wani Atiku, ta Maiyama wani kyamis.

Shafin ba shi da wuya a ido. Kana buɗewa zai aika tambaya can wurin babbar kwamfutar da ke riƙe da adadin wurare, wadda ake ce ma saba, ya ce buhu nawa ya rage. In amsa ta dawo sai ta faɗa wani ɗan akwati cikin kod ɗin, Ladan ya sa mai suna saura. Da zarar shafin ya gama buɗewa sai wani layi ya leƙa akwatin, in ya ga lamba ya fito da wurin rubuta suna. In kuwa ya leƙa bai ga komai ba, to nan Ladan ya tsaya ya yi tunani irin na tasha, ya rubuta da ja manya-manya, MOTA TA CIKA. Ya gwada ya fi sau hamsin shagonsa, kuma shagon nan ƙarƙashin ƙarfen sabis yake, kafin shafi ya gama buɗewa amsa ta riga ta zo ta zauna, bai ga jan rubutun nan ba ko sau ɗaya.

Kwana huɗu da farawa Atiku ya bugo daga Aliero.

"Ladan, motocin nan naku a cike ake ƙera su ne?"

"Mi ya faru?"

"Tun da kunka kawo abin ga ban taɓa ganin wuri ba. Safe ja, rana ja. Mutane sun fara cewa 'yan Jega kun mai da mu 'yan kallo."

"Wurin buhu sittin nike gani gabana yanzun nan."

"To ni ja nike gani, ko idona na da ciwo ka zo ka duba mani."

Ladan ya ce Atiku ne bai iya ba. Ya ce ya kashe ya kunna, ya kashe ya kunna. Ya ce ƙila cuta ta shiga kwamfutar, anka wanke ta tas. Ya ce ya cire modem ɗin da ke kawo sabis ya hura ya mayar. Ja dai. Asabar ta farko mota ta tashi rabinta iska, direba ya zo har shago ya wanke Ladan gaban mutane. Asabar ta biyu 'yan Jega sunka gane akwai wuri sunka cika ta su kaɗai, na Maiyama da Aliero ko buhu guda bai shiga ba.

To cikin waɗanda ba su shiga ba akwai Hafsatu, yayar Ladan ciki ɗaya, wadda ta goye shi. Mijinta ya rasu shekara biyu, ita da 'ya'yanta mata sunka noma fadamar da ya bari, sunka samu buhu ashirin da biyu suna cikin rudu, rumbun karan da ake aje albasa, bayan gida a Danwarai, ga zafin bazara na dafa su, ga hadari ya fara haɗuwa gabas da yamma-yamma, kuma kowa ya san motar wannan Asabar ita ce ta ƙarshe kafin ruwa. Albasa in ruwa ya same ta a rudu to sai dai a kwashe a zubar. Sau uku tana tahowa Aliero Atiku na juya mata fuskar kwamfuta tana ganin ja. Ran Litinin ta ce ya buga mata ƙanen nata.

"Mai kwamfuta, kana lafiya?"

"Yaya, ina kwana. Wallahi ina kan..."

"Ban tambaye ka kan da kake ba. Akwai wuri ko babu?"

"Akwai."

"To abin ka ya ce babu. Cikinku wa ke ƙarya?"

"Shi ne, Yaya."

"Kai ka koya mai?"

Ladan ya rufe shago ya tafi wurin Alhaji Abdulƙadir ya durƙusa ya ce ranka ya daɗe a bar ni in rubuta sunanta a nan Jega, laifin nawa ne ba nata ba. Alhaji ya ce Danwarai ƙasar Aliero take, a Aliero za ta rubuta, in na bari ka sa yayarka yau gobe da mi zan kalli mutanen Andarai da sunka yi sati biyu suna ganin ja? Ya ce je ka gyara abinka, kowa ya samu, ita ma ta samu.

Talata da safe Ladan ya shiga mota ya tafi Aliero da filas ɗin da ya aje kod ɗin ciki a aljihu. Ya zauna gaban kwamfutar Atiku ya buɗe, shafi ya fito nan take don kwamfutar ta riga ta aje hotonsa, ja ya fito nan take shi ma. Ya zauna shina kallon jan nan kamar zai cinye shi. Can bayan ɗan lokaci ya ce bari dai in leƙa akwatin da hannuna, ya sa wani ɗan layi ya nuna mai abin da ke ciki, sai ga lamba zaune, arba'in da huɗu. Ashe amsar tana zuwa, makara take yi. Layin da ke leƙawa shi ke gaggawa, ya leƙa tun ba ta iso ba, ya ga wayam, ya yanke hukunci ya tafi abinsa, ita kuma in ta iso ba mai sake waiwayarta.

Ladan ya yi ajiyar zuciya ya ce ai wannan ƙaramin abu ne. Ya buɗe littafinsa ya samo yadda ake sa kod ya dakata, ya ce to ka jira sakan uku sannan ka leƙa. Ya ɗora, ya buɗe, sakan uku, sai ga arba'in da huɗu da wurin suna. Mutum uku da ke zaune shagon sunka rubuta nan take. Ladan ya ce Atiku sa Yaya Hafsatu. Atiku ya ce a'a, sai mai kaya ya zo da ƙafarsa, dokar Alhaji ce ni ban kawo ta ba. Anka aika mata. Ladan ya koma Jega shina jin kansa sama.

Ran Laraba Hafsatu ta zo da hantsi, ta zauna, Atiku ya buɗe, sakan uku, ja.

Da Atiku ya bugo Ladan ji ya yi kamar ya jefa wayar cikin kwata. Ya mai da shi sakan goma daga nan Jega ya ce a sake. Ja. Ranar sabis ɗin Aliero ya yi nauyi, amsa sai ta yi sakan ashirin ba ta zo ba. Ya mai da shi ashirin da biyar, kafin nan Hafsatu ta gaji ta fita neman ruwan alwala, sai shafin ya yi aiki sau ɗaya wani mutumin Kashin Zama ya shige da buhu goma sha biyu, ta dawo anka sake buɗewa, ja. Mai kyamis na Maiyama kuwa ya ce shi ko sau ɗaya bai ga wani launi ba sai ja. Ladan ya fusata ya ce to minti ɗaya cur, in ga amsar da za ta fi minti ɗaya. Sai wata sabuwa ta ɓullo, shafi ya buɗe fari fat ba komai tsawon minti guda, na Maiyama ya ɗauka kwamfuta ta maƙale ya riƙa kashewa kafin lokaci ya cika, 'yan Jega da amsarsu ke zuwa cikin ƙiftawar ido su ma sunka zauna jiran banza suna ta tsaki suna cewa da can lafiya lau yake ka lalata shi. Kuma duk da tsakin suna rubuta suna, lamba na ta sauka, ashirin da shida, ashirin, goma sha biyar.

Kowace lamba ya sa, ko ta yi kaɗan ko ta yi yawa. Ta safe ba ta yi da rana, ta Aliero ba ta yi a Maiyama. Ya ci abinci bai san mi ya ci ba. Ya buɗe littafin nan gaba da baya har wasu shafuka sunka fita.

Alhamis bayan azahar ya ce bari ya koma Aliero ko Allah zai sa ya dace da lambar da za ta yi. Ya je tasha ya shiga mota, saura mutum ɗaya ta cika. Ɗan kamashon ranar Tamu ne, tare sunka yi ɗaurin kaya suna yara. Minti goma, ashirin, ba fasinja. Ladan na ta duba agogo, ga masu kabu-kabu na ta yi mai hon shi kuwa ƙafarsa ba ta yarda. Ya leƙo ta taga.

"Tamu, biyu da rabi ta wuce. Ku tada motar ga."

Tamu ya juyo a hankali shina tauna goro. "Biyu da rabi? Sannu Bature. Yaushe agogo ya fara tada mota tashar Jega?"

"Sauri nike, wallahi."

"Shekara nawa ka yi nan, ka taɓa cewa direba jira minti biyar ka tashi? In mutum ya zo yanzu, yanzu za ta tashi. In sai la'asar, sai la'asar. Kujera nike kallo ni, kwamfuta ta cinye maka kai."

Ya faɗi haka ya leƙa kujerar baya, ya juya ya yi kira Aliero mutum ɗaya, ya sake leƙawa, ya sake kira. Ladan ya bi shi da ido. Leƙe, kira, leƙe. Bai cewa ta cika don bai ga kowa ba, bai cewa a tashi don lokaci ya yi, dubawa kawai yake shina sakewa. Aikin da Ladan ya yi shekara da shekaru da jikinsa, shi ne kwana uku ya kasa gaya ma kwamfuta. Haushin kansa ya kama shi har ya fi na sabis. Ya ciro biro ya juya bayan wata takarda ya fara rubutu bisa gwiwa, bai ma san sanda wata tsohuwa ta zo da kaji biyu ta cike kujerar ba.

Uku da kwata ya iso shagon Atiku, ba wuta. Hafsatu na zaune bencin waje ta rufe kai da mayafi, ya gaishe ta ta amsa ba ta dube shi ba. Atiku ya ja janareta sau shida kafin ta kama. Ladan ya zauna ya goge lissafin sakan ɗin nan gaba ɗaya. Ya rubuta, leƙa akwati, in da lamba ci gaba da aiki, in babu to kar ka ce komai kan mota, rubuta ANA JIRAN AMSA KAR KA TASHI, bayan rabin sakan ka dawo ka sake leƙawa, ka yi ta yi har ta zo. In ya kai minti biyu ba ta zo ba ka ce amsa ba ta iso ba a sake gwadawa. Jan rubutun nan kuma ya ɗaure shi, ba zai fito ba sai saba da kanta ta ce sifili. Ya manta wata 'yar alama a ƙarshen layi, shafi ya ƙi tashi, ya nemo ta da ƙyar zufa na ɗiga kan madannai. Ɗorawa kaɗai ta ci minti tara.

"Yaya, taso."

Ta taso ta tsaya bayansa. Atiku ya buɗe. Ana jiran amsa kar ka tashi.

"Mi ya ce?"

"Ya ce a jira."

"Yau kuma ya koyi kunya kenan."

Sakan goma. Ashirin. Atiku ya ce ko in sake buɗewa, Ladan ya riƙe mai hannu ya ce kar ka taɓa. Talatin. Masallacin bakin kasuwa anka fara gyara lasifika. Arba'in da wani abu sai rubutun ya ɓace, wurin suna ya fito, da lamba a samansa.

Tara.

Ladan ya ji kamar ƙafar nan ta sake karyewa. Ran Litinin da ta bugo mai waya wuri ya ishe ta har da saura.

"Tara," in ji Hafsatu. "Atiku, rubuta kafin wani ɗan Jega ya farka."

Atiku ya rubuta, lamba ta koma sifili, sai ga ja ya fito, MOTA TA CIKA, karo na farko da ya faɗi gaskiya a garin Aliero. Anka kira la'asar.

Ladan ya biyo ta waje ya ce Yaya ki yafe mani. Ta gyara mayafi ta ce ashirin da biyu ne, biyar sun riga sun ruɓe jiya ta fitar da su, tara za su tafi, saura takwas. Ta ce takwas ɗin nan ba za ta zuba ido ruwa ya cinye su ba, yankawa za a yi a shanya su bushe, ko miya a sha da su zuwa kaka.

"Gobe Juma'a ka rufe shagon nan naka ka taho Danwarai. Ka zo da wuƙarka, ba ni da ta ba ka."

Ya je. Tun hantsi shina zaune kan tabarma tsakar gida tsakanin 'ya'yanta, buhu na gabansa, shina yanka hawaye na zuba har gemu, su da sunka saba suna ta yi mai dariya. Wayarsa ta yi ƙara, mai kyamis na Maiyama ne, wai shafi ya yi, ya jira ya jira ya kawo lambar motar da za ta fara tashi bayan damina, mutum biyu na Andarai har sun rubuta. Ladan ya ce to madalla, ya aje wayar ya share ido da bayan hannu, abin ya ƙara yi mai yaji.

Hafsatu ta turo mai wani tulin da ƙafa ta ce, "Ka rage kauri, in ba haka ba ba su bushewa. Kuma ka daina kallon sama, hadarin ba ya jiran ka gama."